Baƙin Allah: Kwana Biyar a Kan Keke Daga Konya Zuwa Kapadokiya

Mu uku ne, dukkanmu ɗalibai a wata jami'a da ke birnin Konya na ƙasar Turkiyya. Biyu daga cikinmu 'yan Najeriya ne, ɗaya Bakano ɗaya Bakatsine, ƙaraminmu kuma daga Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Dogon hutu ya zo, kuɗin jirgin zuwa gida ya fi ƙarfin aljihunmu, zaman ɗaki kuma ya ishe mu. Sai muka sayi tsofaffin kekuna na hannu, muka ari tanti, muka yanke shawarar tuƙawa zuwa Kapadokiya, yankin nan mai duwatsu masu kama da hular malafa da kuke gani a hotuna. Nisan tafiyar ya kusa kilomita 240, wato kamar daga Kano zuwa Kaduna.

Kafin mu tashi kowa ya kira gida ya nemi izini. Mahaifiyar Bakatsinen cikinmu ta yi shiru a waya na ɗan lokaci, sannan ta ce: "Ku je, Allah ya tsare. Amma kada ku yarda da wanda ba ku sani ba." Wannan magana ta bi mu har ƙarshen tafiya, domin duk wanda muka haɗu da shi a hanya, ba mu san shi ba.

Saboda haka muka kafa wa kanmu dokoki huɗu. Ba za mu rabu ba ko da me ya faru. Ba za mu yi tuƙi bayan magariba ba. Kowace yamma za mu aika wa wani abokinmu da ke Konya sunan wurin da muke. In kuma larura ta sa muka shiga motar wani, sai mun ɗauki hoton lambarta mun tura masa tukuna. Mun riƙe takardunmu na izinin zama, mun kuma haddace 112, lambar kiran agajin gaggawa a ƙasar.

Shayin da ba a ƙi

Mun bar Konya da sassafe a farkon watan Satumba, muka ɗauki babbar hanyar da ta nufi gabas zuwa Aksaray. Yankin fili ne fetal, a kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,000 daga teku. Babu itatuwa sai ɗai-ɗai. Hagu da dama gonakin alkama ne da aka riga aka girbe, da na masara, da na wani tsiro mai saiwa kamar dankali wanda daga gare shi suke samun sukari. Rana na da zafi, amma iska na kaɗawa ta gabanmu tana ture mu baya.

Ba mu yi kilomita 30 ba muka tsaya a wani gidan mai domin mu cika gorunanmu. Kafin mu jingine kekuna, wani ma'aikacin wurin ya fito da faranti ɗauke da ƙananan kofunan gilashi uku masu siririn ƙugu. Shayi ne baƙi, babu madara, da ƙwayar sukari biyu a gefe. Ya tambaye mu daga ina. Muka ce Najeriya. Sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Osimhen!" Tun da Victor Osimhen ya koma Galatasaray a 2024, sunansa ya zama fasfo ga duk ɗan Najeriya a ƙasar. Wani dattijo da ke zaune a gefe ya girgiza kai, ya ce shi Okocha ya sani, wanda ya buga wa Fenerbahce daga 1996 zuwa 1998. Nan gardama ta kaure tsakaninsu, mu kuwa muna ta kurɓar shayi. Ɗan Damagaram ya yi ta bayanin cewa Nijar daban, Najeriya daban, har ya gaji ya haƙura.

Da muka shanye aka sake cikawa. Muka shanye, aka ƙara. Sai a kofi na huɗu dattijon ya tausaya mana, ya nuna mana dabara: idan ka ƙoshi, sai ka kwantar da ɗan cokalin a bakin kofin. Turkawa na cikin mutanen da suka fi kowa shan shayi a duniya, a ƙasarsu kuma suke noma shi, a yankin Rize da ke gaɓar Baƙin Teku.

Muka zaro kuɗi za mu biya. Ma'aikacin ya ɗaga haɓa sama, ya ɗage gira, ya yi wani ɗan gajeren tsaki. Gabanmu ya faɗi, domin kun san matsayin tsaki a wurinmu. Muka fara ba shi haƙuri, shi kuma ya rasa laifin da muka yi. Ashe haka suke cewa "a'a" kawai, babu raini a ciki. Ya ce mana mu "misafir" ne, wato baƙi. Kalmar daga Larabci take, tushenta ɗaya da "safara" da muke faɗa a Hausa.

Karnuka da makiyayi

Da la'asar muka saki babbar hanya muka bi wata ƙarama zuwa Obruk, inda akwai wani ƙaton rami mai zurfi da ruwa kwance a ƙasansa, kusa da wani tsohon masaukin fatake. Irin wannan rami yakan samu ne idan ruwa ya cinye dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa, sai saman ya rufta. A 'yan shekarun nan sababbin ramuka na ta buɗewa a gonakin yankin Konya, saboda fari da yawan zuƙe ruwan ƙasa domin noman rani.

A wannan hanya ce karnuka biyu suka taso mana. Kada ku kawo karen unguwarku a rai. Waɗannan karnukan kiwo ne, kowanne ya kai girman ɗan maraƙi, da wuyansu ɗaure da ƙarfe mai tsini domin kariya daga kyarkeci. An riga an gargaɗe mu cewa gudu shi ne babban kuskure, don ba ka tsere musu a kan keke mai kaya. Muka sauka, muka sa kekunan tsakaninmu da su, muka tsaya cik, ƙafafu na rawa. Sai muka ji fito daga nesa. Karnukan suka juya kamar ba su ba.

Makiyayin ya iso a kan jaki. Saurayi ne sa'anmu. Turkancinsa a karye yake kamar namu, ashe shi ma baƙo ne, daga Afganistan ya zo yana yi wa wani kiwon tumaki. Ya kwance ƙullinsa ya fito da gurasa ɗaya da ɗan cuku, ya raba huɗu. Mun san abincin darensa ke nan, muka so mu ƙi, amma fuskarsa ta nuna ƙin karɓa zai fi yi masa ciwo. Muka ci, muka ba shi dabino da gyaɗar da muka riƙo. Bai tambaye mu sunayenmu ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Da zai tafi ya nuna mana hasumiyar wani masallaci, ya ce mu nemi liman.

Limamin ya dube mu, ya dubi tantinmu, ya ce sanyin dare a nan ba na wasa ba ne. Ya aiki yaro ya karɓo mabuɗi a wurin mai gari, aka buɗe mana ɗakin baƙi na ƙauyen. Tsohuwar al'ada ce a ƙauyukan tsakiyar Turkiyya a ware ɗaki domin matafiyin da dare ya riska. Suna kiran irin wannan matafiyi "tanri misafiri", ma'ana baƙon Allah. Sai muka tuna zauren gidajen kakanninmu, inda baƙo kan kwana a kai masa tuwo tun ba a san daga inda ya fito ba.

Zangon Sultan

Washegari da hantsi muka isa Sultanhani, kimanin kilomita 110 daga Konya. Sunan garin na nufin masaukin sarki. A tsakiyarsa akwai wani katafaren gini na dutse da aka yi a shekarar 1229, zamanin Sultan Alauddin Kaikubad na Ɗaya na daular Saljuƙ. Shi ne mafi girma cikin masaukan ayari na wannan daula da suka rage a Turkiyya. Ƙofarsa doguwa ce, an sassaƙa mata ado kamar aikin babbar riga. Da ka shiga sai fili mai ɗakuna kewaye, inda fatake kan sauka da bazara. A tsakiyar filin akwai ɗan ƙaramin masallaci da aka ɗaga bisa ginshiƙai. Can ciki kuma wani babban zaure ne rufaffe, inda mutane da raƙumansu kan fake a lokacin sanyi.

An jera irin waɗannan masaukai a kan hanyoyin kasuwanci, tsakanin wannan da wancan kilomita 30 zuwa 40, daidai tafiyar raƙumi ta yini guda. Matafiyi kan zauna har kwana uku kyauta, a ci da shi, a ba dabbobinsa abinci, ba a duba addininsa ko ƙasarsa. Wanda ya karanta tarihin fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja ƙarƙashin madugu ya san wannan tsari, domin da shi muka samu kalmar zango. Muna tsaye a cikin filin muka gane cewa shayin jiya da ɗakin baƙin daren jiya ba daga sama suka faɗo ba. Mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru a bakin hanyar ayari sun daɗe da koyon yadda ake karɓar baƙo.

Amma kada mu yi muku ƙarya, ba kowa ne ya sake mana fuska ba. Akwai mai shagon da ya ninka mana kuɗin ruwa da ya ga baƙi ne. Akwai samarin da suka ɗauke mu hoto ba su nemi izini ba, suna dariya. Wata mata ta janye ɗanta da muka zo wucewa. Baƙar fata a kan keke a ƙauyen da ba a saba gani ba, dole ya sha kallo. Wani kallon na mamaki ne, wani kuwa yakan tsaya maka a rai.

Inda keke ya ƙi

Da azahar muka bar Sultanhani da niyyar kwana a Aksaray, mai nisan kimanin kilomita 40. Dutsen Hasan, tsohon dutse mai aman wuta da tsawonsa ya haura mita 3,200, yana tsaye a gabanmu ta dama. Muna cikin tafiya bayan la'asar sai muka ji ƙara daga keken ɗan Damagaram. Ƙarfen da ke canza giya ya lanƙwashe ya shige cikin wilin baya, kaca ta tsinke. Kayan faci da famfo kawai muke da su. Muka yi iya dabararmu, abu ya faskara.

Saura fiye da kilomita 20, rana ta yi ƙasa, ruwanmu ya kusa ƙarewa. Babu abin da ya rage sai neman a rage mana hanya. Gaskiya mun ji tsoro, kuma tsoron na da dalili. A shekarar 2008 wata 'yar Italiya mai suna Pippa Bacca ta ɗauki tafiya ta hanyar tsayar da motoci, sanye da kayan amare, domin isar da saƙon zaman lafiya. Wani direba da ya ɗauke ta ya kashe ta a kusa da garin Gebze na Turkiyya. Turkawa da yawa sun ji kunyar abin ƙwarai, har yau kuma ana tuna shi. Mun san labarin, mun kuma tuna da maganar mahaifiyar abokinmu.

Mun fi rabin awa muna ɗaga hannu. Manyan motoci na wucewa, iskarsu na neman kayar da mu. Can sai wata tsohuwar akori-kura ta wuce, ta yi gaba kaɗan, ta ci birki ta dawo da baya. Direban mutum ne mai kimanin shekara hamsin, da gashin baki, fuska a murtuke. Bai yi murmushi ba. Ya duba keken, ya ce mu loda. Bakanon cikinmu ya ce, "Baffa, ka yi haƙuri, za mu ɗauki hoton lambar motarka mu tura wa ɗan'uwanmu." Mun ɗauka zai ji haushi. Sai ya gyara tsayuwa a jikin motar ya ce a haɗa da fuskarsa. Ya ƙara da cewa da 'ya'yansa ne, haka zai so su yi.

Ɗaya ya shiga gaba, biyu muka hau baya da kekuna. Bayan 'yan kilomitoci sai motar ta saki kwalta ta shiga wata hanyar ƙasa. Mu na baya muka dubi juna. Muka fara buga rufin motar da hannu. Ya tsaya, ya leƙo, ya yi mana bayani da irin Turkancin ƙauye mai sauri wanda shekara guda da muka yi muna koyon harshen ba ta isa mu kama shi duka ba. Kalmomi uku muka tsinta: gida, bakanike, gobe. Muka ce ya faɗa mana sunan ƙauyen. Ya faɗa, muka duba taswirar waya muka ga yana nan gaba kaɗan, muka tura wa abokinmu. Muka yi shawara da Hausa, shi kuma ya kashe mota yana jiranmu, bai matsa mana ba. Wannan haƙurin nasa ne ya sa muka amince.

Daren da ba za mu manta ba

A ƙofar gida muka cire takalma. Matarsa ta zuba mana turaren lemo a tafin hannu, kamar yadda suke yi wa baƙo. Ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Wayyo 'ya'yana, iyayenku sun san kuna nan?" Muka ce, "Sun sani, Inna." Aka shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa. Aka kawo miyar wani ɗan ƙaramin wake ja, da dafaffen ɓarzajjen alkama, da gurasa mai laushi siririya kamar takarda, da tumatir da kankana daga gonarsu. Aka kawo kindirmo da aka dama da ruwa. Bakatsine ya kafa kai yana zaton zai ji zaƙi, sai ya ji gishiri. Yaran gidan suka fashe da dariya ganin fuskarsa. Uwar gidan ta ce "afiyet olsun", wato a ci lafiya, kuma kalmar farkon da "lafiya" tamu duk daga Larabci ɗaya suka fito.

A kusurwar ɗakin akwai wani tsoho da ya haura shekara tamanin, mahaifin direban. Muka sumbaci hannunsa muka kai goshi, yadda yara kan gai da manya a can. Bayan shayi ya ba mu labarinsa. A 1961 Turkiyya da Jamus ta Yamma sun ƙulla yarjejeniyar tura ma'aikata, dubban ɗaruruwan Turkawa suka tafi aiki a masana'antu da ramukan haƙar kwal. Shi ma yana saurayi ya bi sahu. Ya ce ya isa cikin hunturu, ba ya jin ko kalma ɗaya, in ya shiga jirgin ƙasa mutane kan kalle shi su kau da kai. Wata tsohuwa Bajamushiya maƙwabciyarsu ce ta riƙa ajiye masa miya mai zafi a bakin ƙofa. Ta rasu bai iya harshen da zai gode mata yadda yake so ba. Ya ce tun da ya dawo gida ya gaya wa 'ya'yansa, duk wanda ya wuce baƙo a bakin hanya kada ya shigo masa gida. Sai a lokacin direban ya yi murmushi, ya ce, "Kun gani, tsoron tsoho ne ya sa na dawo da baya."

Da safe maƙwabcinsu mai gyaran tarakta ya zo. Bai taɓa gyara keke mai giya ba, amma ya kalli abin na minti biyu ya gane. Ya cire lanƙwasasshen ƙarfen gaba ɗaya, ya rage tsawon kacar ya haɗe ta, ya miƙe wayoyin wilin. Keken ya koma mai giya ɗaya irin na kakanninmu, amma yana tafiya. Muka miƙa kuɗi, aka yi mana tsakin nan, wannan karon ba mu tsorata ba. Muka roƙi a bar mu mu taya su sauke buhunan da ke cikin sito, suka yarda da ƙyar. Muka bar wa yaran ɗan littafin da muke rubutu a ciki, bayan mun rubuta musu "sannu" da "na gode" da ƙidaya daga ɗaya zuwa goma.

Da muka hau kekuna, uwar gidan ta fito da kwano cike da ruwa ta watsa a bayanmu. Al'adarsu ce, fatan matafiyi ya tafi salin-alin kamar ruwa, ya kuma dawo kamar ruwa.

Abin da muka dawo da shi

A Aksaray muka sayi sabon ƙarfen giya. Kwana biyu bayan nan, bayan hawa da gangara ta Nebshehir, muka isa Goreme, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Mun ga gidaje da majami'u da aka fafe cikin dutse, mun ga balan-balan masu ɗaukar mutane sun cika sama da asuba. Wurin ya yi kyau yadda ake faɗa. Amma da muka koma Konya abokai suka ce mu ba su labari, ba wanda ya fara da duwatsu. Da makiyayi muka fara, da liman, da tsohon da ke bin kansa bashin miya.

Ƙannenmu ɗalibai, ba muna cewa ku je bakin titi ku tsayar da mota ba ne. Kada ku yi, musamman a halin da hanyoyinmu ke ciki yanzu. Mu ma larura ce ta sa, mu uku ne, manya ne, kuma akwai wanda ya san inda muke a kowane lokaci. Maganar mahaifiyar abokinmu gaskiya ce, ita ce ta sa muka ɗauki hoton lamba, muka buga rufin mota, muka tambayi sunan ƙauye. Abin da muka lura shi ne, mutumin kirki ba ya jin haushi don ka yi taka-tsantsan. Wanda ya fusata don ka yi tambaya, ko ya ce kada ka gaya wa kowa, ko ya matsa maka ka yi sauri, shi ne abin gudu.

Ɗaya darasin kuma ba ya buƙatar keke ko fasfo. A ajinku akwai yaron da aka kawo daga wani gari bai san kowa ba. Akwai wanda rikici ya koro iyayensa daga ƙauyensu. Akwai mai yi wa ƙasa hidima da aka turo daga Kudu yana koyar da ku, ba ya jin Hausa, kuna yi masa dariya idan ya gwada. Mun ɗanɗana yadda kallo ke yi wa baƙo nauyi, mun kuma ga yadda kofin shayi ɗaya ke sauke shi. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Ranar Litinin, idan an fita tara, ku duba wanda ke zaune shi kaɗai.

Da muka kira Katsina muka ba Inna labarin duka, ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce a nemo mata adireshin matar nan mai watsa ruwa. Yanzu haka akwai ƙullin yaji da turmin atamfa a cikin jakar wani ɗalibi da zai dawo daga hutu.